Daga Fadar Lamiɗo zuwa Dajin Gashaka: Yadda Ake Shirya Ziyarar Yola da Kewayenta

Da yawa daga cikinmu in an ce kallon namun daji, sai hankali ya tafi Kenya ko Tanzaniya, alhali gandun dajin da ya fi kowanne girma a Najeriya yana kudu da Yola, kuma dorina na kwance a ruwan da bai wuce tafiyar 'yan sa'o'i daga Jimeta ba. Ga kuma tsohon gari mai fada da tarihi, ga kogi, ga duwatsu. Abin da ke sa wasu su je su dawo ba su ga komai ba shi ne rashin shiri: sun zo a lokacin da bai dace ba, sun yi gaggawa, ba su nemi wanda ya san ƙasar ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma a Adamawa wannan magana ita ce kan gaba. Ga yadda za ka tsara tafiyarka, daga cikin gari zuwa bakin kogi, daga nan zuwa daji.

Zaɓen lokaci

Kogin Binuwai da damina su ne ke tsara tafiya a wannan ƙasa. Ruwan sama yakan fara wajen watan Mayu ya kai Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. A lokacin kogi ya cika ya batse, hanyoyin ƙauye sun jiƙe, ciyawa ta fi mutum tsawo, dabbobi kuma sun warwatsu cikin daji tunda ko'ina akwai ruwan sha. Idan aka saki ruwa daga madatsar Lagdo da ke Kamaru, ambaliya kan biyo baya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Wannan ba lokacin shiga daji ba ne.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa farkon Maris. Hanya ta bushe, ciyawa ta kwanta, dabbobi sun dawo bakin sauran ruwan da bai ƙafe ba, inda ake iya jiransu. A Disamba da Janairu akwai sanyin hunturu mai daɗin tafiya, sai dai hazo yakan rufe duwatsu, hoto ba ya fita sosai. Daga tsakiyar Maris zuwa Afrilu kuwa zafin Yola yakan haura digiri 40, kuma wanda bai saba ba zai sha wuya. In kana son ka haɗa da kallon hawan Sallah, sai ka duba shekarar da Sallar ta faɗo cikin rani ka daidaita tafiyarka da ita.

Isowa da masauki

Yola gari biyu ce a haɗe. Akwai tsohon gari, inda fadar Lamiɗo take, akwai kuma Jimeta a bakin kogi, inda kasuwa da ofisoshin gwamnati da bankuna da yawancin masaukai suke. Jirgin sama yana sauka a filin jirgin da ke Jimeta. Mai zuwa ta mota daga Kano ko Bauci yakan biyo ta Gombe ya ratsa Numan, kuma babbar tashar da baƙi suka fi sauka ita ce ta Jambutu. Ka kama masauki a Jimeta, domin daga nan ne ya fi sauƙin samun motar haya da sayayya. A cikin gari Keke Napep ya wadatar, amma duk fitar da za ta kai ka wajen gari tana buƙatar shatar mota da direban da ya san hanya. Ku yi ciniki tun da dare, ku ƙayyade wa zai sayi mai, da ƙarfe nawa za a tashi, da ƙarfe nawa za a juyo.

Hausa za ta kai ka ko'ina a Jimeta, amma Fulfulde ce harshen fada da tsohon gari. In aka ce maka “Jaɓɓaama”, maraba ake yi maka. In ka tambayi mutum “Jam na?” zai amsa da “Jam”, wato lafiya. In aka yi maka alheri ka ce “Useko”. Kalmomi biyu kuma za su taimake ka wajen gane sunayen wurare: “mayo” kogi ne, “hosere” kuwa dutse.

Rana ta farko: tsohon gari

Ka fara da Yola, domin wanda bai san tarihin garin ba rabin abin da ke gabansa kawai zai gani. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa garin a 1841, bayan ya zauna a Gurin da Ribaɗu. Sunan ya fito daga “yolde”, wato tudu, masarautar kuma ana ce mata Fombina, ma'ana kudu, domin tana kudu da Barno da Sakkwato. A zamanin ƙarfinta ta kai har Garwa da Ngaundare da Tibati, waɗanda yau suke cikin Kamaru. Baturen Jamus ɗin nan, Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya iso Yola a watan Yuni na 1851, amma Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe ba saboda ya zo da takardun Barno. Turawan Ingila sun ci garin da yaƙi a watan Satumba na 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu, wanda ya ƙi miƙa wuya ya fice ya ci gaba da gwagwarmaya. Lamiɗon yanzu, Muhammadu Barkinɗo Aliyu Mustafa, shi ne na 12, ya hau gado a 2010 bayan rasuwar mahaifinsa da ya shekara 57 a kan mulki.

Ka je fada da hantsi, cikin shiga ta mutunci. Ka yi sallama ga dogarai a ƙofa, ka faɗi daga inda ka fito da abin da ya kawo ka, ka nemi a nuna maka gidan adana kayan tarihi na masarautar. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto sai ka tambaya, kuma inda ka ga an tuɓe takalma kai ma ka tuɓe. Daga nan ka nemi a raka ka hubbaren Modibbo Adama da babban masallaci. Wanda ya raka ka, ka yi masa ihsani gwargwadon hali. In kana da sauran rana, Gurin tana cikin ƙaramar hukumar Fufore, kusa da kogin Faro da iyakar Kamaru, kuma ta shahara da tsohon masallacinta da a da ake ginawa da karan dawa, jama'a na haɗuwa suna sabunta shi.

Rana ta biyu: kogi da tafki

Ka yi sammako zuwa Bakin Kogi a Jimeta. Da rani Binuwai yakan janye ya bar tsibiran yashi, masunta na jawo taru, mata na cinikin kifi, ana loda kaya cikin kwalekwale. Nan ne za ka ga giwan ruwa da ƙarfasa da tarwaɗa da ragon ruwa tun suna motsi. A da, jiragen ruwa na kamfanonin Turawa kan hauro har nan da damina su kwashi gyaɗa da auduga, kuma wannan ciniki ne ya raya Jimeta.

In za ka shiga jirgi, ka zaɓi matuƙi dattijo wanda mutanen wurin suka shaida. Ka duba cikin jirgin ko yana yoyo, ka ƙi shiga in an yi masa lodi fiye da kima, ka nemi rigar da ke hana nutsewa, musamman ga yara. Ku tashi da safe ko bayan la'asar, ku dawo kafin magariba. Ka roƙi matuƙin ya bi gefen gaɓa a hankali, domin a nan tsuntsaye suke. In ka yi sa'ar hira da tsohon masunci, ka tambaye shi labarin ayu, dabbar ruwan nan mai shayar da 'ya'yanta wadda ke rayuwa a Binuwai, wadda farauta ta sa ganinta ya zama abu mai wuya.

Da yamma ka nufi tafkin Geriyo, bayan Jambutu, inda ake noman rani na shinkafa da kayan lambu. Ka sami inuwa ka zauna shiru na rabin sa'a. Balbela da zalɓe da jinjimi da kirinjijiya za su fara sauka, kuma a watannin sanyi akwai baƙin tsuntsaye da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi rani a irin waɗannan fadamu. Kada ka yi wanka ko ka tsoma ƙafa a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya. Ka tambayi dattawan Yola kuma labarin tafkin Njuwa, inda aka saba yin babban bikin kamun kifi a kowace shekara kafin yashi ya cike shi ya ƙanƙance. Jin wannan labari zai sa ka kalli Geriyo da idon mai tausayi.

Rana ta uku: Numan da dorinar Kiri

Numan tana kimanin kilomita 60 yamma da Jimeta, a inda kogin Gongola ya haɗu da Binuwai. Garin Bachama ne, fadar Hama Bachama tana nan, kuma mahaɗar kogunan biyu abin kallo ce da sassafe. Daga Numan ake wucewa madatsar ruwa ta Kiri a ƙaramar hukumar Shelleng, wadda aka kammala a 1982 don shayar da gonakin rake na kamfanin sukarin Savannah. Tafkin da ya taru bayan madatsar gidan dorina ne.

A nan sai ka nutsu. Dorina tana da kama da dabba mai sanyi, amma tana cikin dabbobin da suka fi halaka mutane a Afirka, kuma a tudu ta fi mutum gudu. Tana wuni cikin ruwa, ta fito kiwo da dare, har takan shiga gonaki, shi ya sa manoman yankin ke kuka da ita. Ka fara gaida mai unguwa ko sarkin ruwa, ka nemi ya haɗa ka da masuncin da ya san inda suke kwanciya. Ka kalle su daga tudu, da nisa. Kada ka taɓa shiga tsakanin dorina da ruwa, domin in ta firgita ruwan za ta nufa, ta bi ta kan duk abin da ke gabanta. In ka ga ta wangame baki, gargaɗi take yi. Uwa mai ɗa kuwa ko masunta ba sa kusantarta. In matuƙin jirgi ya ce nan ne iyaka, kada ka ƙara masa kuɗi don ya matsa.

Babbar tafiya: Gashaka-Gumti

Wannan ita ce tafiyar da ta cancanci kwana huɗu ko biyar ita kaɗai. An kafa gandun dajin Gashaka-Gumti a 1991, aka haɗe tsofaffin gandaye biyu, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Ɓangaren arewa, wato Gumti, yana ƙaramar hukumar Toungo ta Adamawa, shimfiɗaɗɗen daji ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren kudu, wato Gashaka, yana jihar Taraba, ƙasar duwatsu ce da kurmi da ƙoramu. A can ne Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419. Wannan yanki yana ƙarƙashin Jamus kafin yaƙin duniya na farko, har yanzu akwai kangon ganuwar sojojinsu kusa da ƙauyen Gashaka, kuma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya shigo Najeriya.

Hanya biyu ce daga Yola. Mai zuwa Gumti zai bi Mayo Belwa da Jada da Ganye zuwa Toungo. Mai zuwa Gashaka zai bi ta Jalingo da Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun take. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Serti ta fi sauƙi, domin a nan ake yankar takardar shiga, a sami masauki, a haɗa ka da jami'in da zai raka ka. Tafiya ce ta wuni guda, don haka ka tashi bayan asuba, kada dare ya same ka a hanya. Tun kafin ka bar gida ka tuntuɓi hukumar gandun, ka faɗi yawanku da kwanakin da za ku yi, ka tambayi halin hanya da na tsaro a wannan makon. Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa ce ke riƙe da wurin, kuma tun 2017 tana aiki tare da wata gidauniya mai suna ANI wajen horar da masu gadi da kare dabbobi. Ba a shiga sai da izini da rakiya.

Mota ta zama mai tsayi da ƙarfi, irin Hilux, da tayar safaya mai kyau da jarkar mai. Ka riƙe tsabar kuɗi, domin banki da sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne in an yi nisa. Ka tanadi takalmi mai rufe ƙafa wanda ka riga ka saba da shi, da doguwar riga da wando masu launin ƙasa ko ganye, da malafa. Ka guji baƙi da shuɗi, su ne ke jawo ƙudan tsando, ka kuma guji fari tas da turare, domin dabba na hango fari daga nesa tana kuma jin ƙamshi. Sai gidan sauro, da maganin zazzaɓi, da tocila, da gorar ruwa, da rigar sanyi don dare a kan dutse. Madubin hangen nesa ya fi kyamara amfani, in kana da halin ɗaya kawai. Guzuri kuwa mai jure hanya: garin rogo, ƙuliƙuli, dabino, kilishi, shinkafa da kayan shayi.

Yadda ake kallon namun daji

Daji ba gidan zu ba ne, babu wanda ya ɗaure dabba tana jiranka. Lokaci biyu ne na fita: daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Da tsakar rana kowace dabba tana inuwa, kai ma ka huta.

Jami'in rakiya shi ne gaba, ku kuna biye a layi ɗaya. In ya tsaya ku tsaya, in ya tsuguna ku tsuguna. Magana da raɗa, waya a kashe. Za ka ga yana ɗebo ƙura yana saki don ya ga inda iska ta nufa, saboda ana tunkarar dabba ne iska na bugo fuskarka, in ta bi ta bayanka ta kai mata warinka, sai dai ka ji ƙarar gudu. Ka roƙe shi ya koya maka karatun ƙasa: sawun kofato a laka, kashi ɗanye ko busasshe, reshen da aka karya, ɓawon 'ya'yan itace da biri ya yar. Kukan tsuntsu ko na biri ma labari ne, sau da yawa shi ke nuna akwai wani abu a kusa.

Abin da aka fi saurin gani shi ne birai: bika a garke a bakin hanya, da birin nan mai baƙi da fari da doguwar jela da ke tsalle a ƙololuwar itatuwa. A bakin ruwa akan ga mazo da gada da mugun dawa da gwambaza, akwai kuma gurbin dorina a kogin Kam kusa da Gashaka. Ɓauna na nan, da gwanki da kanki a filayen ciyawa. Damisa ma na nan, amma da wuya ka ga fiye da sawunta. Abin da ya fi ɗaukaka sunan gandun a duniya shi ne cimfanzi, babban birin nan maras jela, na irin da ba a samunsa sai a Najeriya da Kamaru. Masu bincike sun shafe shekaru suna nazarinsa a dajin Kwano da ke cikin gandun. Ganinsa sai an yi tafiyar ƙafa mai nisa da haƙuri, wani lokaci sheƙar da ya kwana a kan itace ko ihunsa da asuba ne rabonka, kuma ko wannan ma abin tunawa ne. Tsuntsaye kuwa an ƙidaya fiye da iri 500.

Kada ka ba biri abinci, domin in ya saba zai fara ƙwace, ƙarshenta a kashe shi. Kada ka gudu in ka yi kiciɓis da babbar dabba, ka ja da baya a hankali ka bi umarnin jami'i. Kada ka yar da guntun taba ko ka bar wuta da rai, gobara ɗaya da rani tana cinye dajin da ya shekara da shekaru yana tsiro. Duk leda da gora da ka shiga da su ka fito da su. A kasuwannin hanya kuma kada ka sayi naman daji, ko fata, ko ɗan biri, ko aku. Duk wanda ya saya shi ya aiki mafarauci ya koma.

In akwai sauran kwanaki

Arewa da Yola, a kan hanyar Mubi, akwai duwatsu uku na Song da ke tsaye jere kamar 'yan'uwa, ana hango su daga mota. Can gaba, a ƙaramar hukumar Madagali, akwai Sukur a kan duwatsun Mandara, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, na farko a Najeriya. Ana hawa da ƙafa ta hanyar da aka shimfiɗe da duwatsu, a tarar da fadar Hidi, wato sarkin wurin, da gonaki hawa-hawa da tsofaffin wuraren narka tama. Yankin ya sha fama da rikicin Boko Haram, don haka kada ka ɗau hanya sai ka sami tabbacin hukuma da na mutanen wurin. Yamma da Numan akwai ruwan zafi na Lamurde, kudu kuma akwai duwatsun Koma a ƙaramar hukumar Jada. Inda duk ka shiga ƙauye, ka fara da gidan mai gari, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum, ka tuna baƙo kake a gidan masu mutunci.

Ƙarshen magana, mai karatu, kuɗin da ka biya a ƙofar gandu, da ladan mai rakiya, da na matuƙin jirgi, da na mai dafa maka abinci a Serti, su ne ke nuna wa mutanen wurin cewa dabba mai rai ta fi matacciya amfani. Ka biya su da zuciya ɗaya. In ka samu hali ka tafi da 'ya'yanka, malaman makaranta kuma su kai ɗalibansu, domin yaron da ya ga ɓauna da idonsa ba zai yarda a ƙarar da ita ba. Allah Ya ba mu wannan ƙasa amana, mu je mu gan ta, mu kuma bar ta yadda na bayanmu za su same ta.